Laima mai inji: Daƙiƙun farko na tashi sun fi cin mutane, faɗin kuskure kuma shi ke ceton na baya

Da yawa daga cikin hotunan hamadar Nijar da suka zagaya duniya, irin na ayarin raƙuman gishiri a Tenere da na ramukan gishirin Tegidda masu launi kala-kala, an ɗauke su ne daga wata ƴar na'ura da mutum ke goyawa a baya kamar jaka. Mai hoton, Ba'amurke George Steinmetz, ya shirya zuwa Nijar a 1997 da niyyar hayar ƙaramin jirgi, sai matuƙin da suka yi magana da shi ya janye. Maimakon ya fasa tafiyar, sai ya koyi tashi da laima mai inji, wadda Turawa ke kira paramoto, ya zo da ita cikin kayansa. Mujallar National Geographic ta buga aikin nasa na Sahara a 1999.

Wanda ya ga mutum yana shawagi a kujerar yadi, ƙafafunsa na reto ɗaruruwan mitoci sama da ƙasa, abin da zai fara zo masa a rai shi ne inji ya mutu a can sama. Sai dai masu wannan sana'a ba shi suka fi tsoro ba, domin idan inji ya mutu laimar tana ci gaba da tafiya, ta sauko da mutum a hankali. Inda aka fi jin ciwo shi ne a ƙasa, tsakanin lokacin da aka tada inji da lokacin da ƙafa ta bar ƙasa. Abin da ya rage wannan hatsari kuwa, baya ga ingancin kaya, shi ne wata al'ada da matuƙan suka ɗora wa kansu: wanda ya yi kuskure ya fito ya faɗa, dalla-dalla, don kada na bayansa ya maimaita.

Yadda na'urar take

Laima mai inji kashi biyu ce. Akwai laimar kanta, wani dogon yadi mai rufi biyu wanda iska ke shiga ta bakinsa ta kumbura shi ya zama fiffike. Faɗinsa yakan kai murabba'in mita 20 zuwa 30, kuma siraran igiyoyi masu yawa ne ke haɗa shi da matuƙi. Sai injin, wanda galibi irin na ƙaramin janareta ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, yana juya farfela mai tsawon mita ɗaya da ɗan wani abu a cikin keji mai raga. Inji da kujera da mai sukan kai kilo 25 zuwa 35, kuma duk a bayan mutum suke.

A kowane hannu matuƙi yana riƙe da igiyar birki. Ya ja ta dama ya karkata dama, ya ja ta hagu ya karkata hagu, ya ja duka biyun ya rage gudu. A ɗaya daga cikin hannayen kuma akwai totur da ake matsawa da yatsu. Ba wuta na nufin hawa sama, sakin totur na nufin saukowa. Gudun na'urar a sama yakan tsaya tsakanin kilomita 35 zuwa 50 a awa, kusan gudun kabu-kabu a cikin gari.

Ba ta buƙatar filin jirgi, abin da ya sa masu ɗaukar hoto da masu bin diddigin namun daji suke son ta. Amma wannan sauƙin yana da tsada: ƙafafun mutum su ne tayoyin jirgin, idonsa shi ne hasumiyar da ke ba shi izinin tashi, kuma shi ne bakanikensa.

Abin da rahotanni 384 suka nuna

A 2014 mujallar likitanci ta BMJ Open ta buga wani nazari da Francesco Feletti da Jeff Goin suka yi a kan rahotannin haɗari 384 da ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka, USPPA, ta tattara daga 1995 zuwa 2012. Nazarin ya nuna cewa lokacin tashi ne aka fi samun haɗari. Ya kuma nuna cewa hannu da kafaɗa su ne suka fi jin rauni, kashi 44.5 cikin ɗari, sannan ƙafafu da kashi 32. Inji shi kaɗai ya haddasa haɗari 43, kuma shi ne ya jawo mafi yawan raunukan hannu.

Wannan ya bambanta da laimar da ba ta da inji, wadda ake tashi da ita daga kan dutse, inda baya da ƙafafu suka fi shan wahala. Shi ya sa masu nazarin suka ba da shawarar a riƙa duba wasannin biyu daban.

Abin lura a nan shi ne asalin waɗannan rahotanni. Matuƙa ne da waɗanda suka shaida abin suka rubuta su da kansu, ba tare da wata doka ta tilasta musu ba. Da kowa ya rufe bakinsa ya je ya yi jinyar hannunsa a ɓoye, da babu wanda zai gane cewa farfela ta fi faɗowa daga sama yawan raunata mutane a hannu.

Farfela ba ta san mai ita ba

Idan aka ba inji wuta gaba ɗaya, bakin farfela yana gudun da ya haura kilomita 600 a awa, kuma turin da take yi yakan kai kilo 60 zuwa 70. Haɗarin da aka fi sani yana faruwa ne haka: matuƙi ya ajiye injin a ƙasa, ya riƙe kejin da hannu ɗaya, ya ja igiyar tadawa da ɗayan. Idan wayar totur ta maƙale a buɗe, ko yatsa ya danne ta ba a sani ba, injin yana tashi da cikakken ƙarfi, ya ture mutum. Shi kuma cikin firgici yakan kai hannu don ya tare, ragar ta lotsa, yatsu su shiga farfela. Duk wannan yana ƙarewa kafin a ƙifta ido sau biyu.

Daga irin waɗannan rahotanni ne makarantu da yawa suka sauya koyarwa. Yanzu shawarar da aka fi bayarwa ita ce a goya injin a baya, a ɗaure ɗamara, a sa hular kwano, sannan a tada shi, domin farfela ba ta iya kaiwa ga hannun wanda ke goye da ita yadda take kaiwa ga wanda ke tsaye a gabanta. In kuwa dole sai an tada shi a ƙasa, a ɗaure shi a jikin wani abu mai ƙarfi. Kafin kowace tadawa ana matsa totur a sake shi, a duba da ido cewa ya koma wurinsa, sannan a ɗaga murya a gargaɗi duk wanda ke kusa.

Gargaɗin na ƙarshe yana da nauyi na musamman a irin garuruwanmu, inda baƙon abu ke tara yara cikin minti kaɗan. Filin da ke cike da ƴan kallo ba filin tashi ba ne, sai an samu wanda zai mayar da su baya, kuma ba a gefe ba, domin farfelar da ta fashe tana watsa gutsattsarinta ne ta gefe-gefe.

Gudun da ba a yi masa rabi-rabi

Tashin kansa yana da matakai, kuma kowane mataki yana da tarkonsa. Ana shimfiɗa laima a ƙasa, a warware igiyoyi, a fuskanci inda iska ke fitowa. Idan iskar ba ta da ƙarfi, matuƙi yakan ba laimar baya, ya ruga gaba ya jawo ta ta hau kansa. Idan akwai iska, yakan fuskanci laimar, ya ɗaga ta yana kallonta, sannan ya juya ya fara gudu. Wanda ya juya ta ɓangaren da ba daidai ba zai tarar igiyoyinsa sun harɗe.

Da laima ta daidaita a saman kai, sai a ɗaga ido a duba ta: babu ƙulli a igiya, babu gefen da ya naɗe. Daga nan ake ƙara wuta a hankali, a miƙe tsaye, a bar injin ya tura mutum. Sabon matuƙi yakan sunkuya gaba kamar mai tseren gudu, abin da ke sa turin farfela ya nufi ƙasa, ya kifa shi da fuska.

Kuskure na biyu da ya zama ruwan dare shi ne saurin zama. Mutum ya ji laima ta fara ɗaukarsa, sai ya ɗage ƙafafu ya faɗa kujera alhali gudun bai kai ba. Nauyinsa ya dawo da shi ƙasa, keji ya daki ƙasa, farfela ta tarwatse. Malamai suna koya wa ɗalibi ya ci gaba da gudu har sai ƙafarsa ta riƙa taka iska, kuma kada ya nemi zama sai ya yi nisa da ƙasa. Akwai waɗanda suka saki birki don su gyara zama da hannu, igiyar ta koma baya farfela ta haɗiye ta, laimar ta juya da su zuwa ƙasa.

Na uku shi ne murɗawar inji. Farfela tana juyawa ta gefe ɗaya, jikin injin yana neman juyawa ta ɗaya gefen. Idan aka ba da wuta gaba ɗaya lokaci guda, matuƙi na iya murɗewa a ƙarƙashin laimarsa, yana kallon gabas laima na tafiya arewa. Wanda ya firgita ya saki totur farat ɗaya kuma, laimar takan zabura gaba ta nutsa da shi. Maganin shi ne a rage wuta sannu a hankali. Haka nan idan laima ta fara lilo dama da hagu kusa da ƙasa, sabon hannu yakan ja birki a makare, ya ƙara wa lilon ƙarfi maimakon ya kashe shi.

Sai mantuwa mafi muni, wato ɗamarar cinya. Wanda ya tashi bai ɗaure ta ba zai iya zamewa daga kujera bayan ya yi sama. Yawanci hakan na faruwa ne idan an katse wa mutum shiri, kamar waya ta yi ƙara ko wani ya zo da tambaya, ko kuma ya kwance ɗamarar bayan yunƙurin farko ya ƙi, ya manta bai mayar ba. Ƙa'idar ita ce duk wanda aka katse, ya koma ya fara dubawa daga farko.

Wannan ƙa'ida tsohuwa ce a harkar jiragen sama. Ranar 30 ga Oktoban 1935, wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi jim kaɗan bayan tashi a jihar Ohayo ta Amurka, mutum biyu suka mutu, saboda ƙwararrun matuƙansa sun manta ba su cire makullin da ke riƙe da jelar jirgin ba. Daga wannan haɗari ne aka fara rubuta jerin abubuwan da matuƙi zai duba ɗaya bayan ɗaya kafin ya tashi, komai daɗewarsa a aiki.

Zafi, guguwa da hunturu

Yanayin Sahel yana ƙara wa duk waɗannan nauyi. Iska mai zafi ba ta da kauri. Idan zafi ya kai digiri 45, kamar yadda ake gani a watannin Afrilu da Mayu, kaurin iska yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma idan aka kwatanta da digiri 15. A wuri mai tudu kamar Agadas, da ke kusan mita 500 sama da teku, ragin ya fi haka. Sakamakon shi ne inji ya rasa ƙarfi, farfela ta rasa abin kamawa, laima ta buƙaci ƙarin gudu kafin ta ɗauki mutum. Filin da ya isa da asuba ba lallai ya isa da azahar ba, kuma gudu da kilo 30 a baya cikin rairayi mai laushi ba wasa ba ne.

Da rana ta take, ƙasa tana zafafa iskar da ke kanta, iskar ta riƙa tashi sama gungu-gungu. Ita ce ke haifar da ƴar guguwar nan da ke murɗa ƙura da ledoji a fili. Ga mai tafiya a ƙasa abin kallo ce, amma tana iya naɗe laima kamar tsumma ko ta ja mutumin da ke ɗaure da ita a ƙasa. Saboda haka masu laima mai inji suka fi tashi a sa'o'i biyu na farkon safiya da na ƙarshen yamma. A farkon damina kuma, iskar da ke gaban hadari tana iso wa tun gajimaren yana nesa.

Lokacin hunturu matsalar ta ƙura ce, wadda ke toshe matatar iska ta inji, ta shiga cikin laima ta ƙara mata nauyi, ta kuma ɓoye wayoyin lantarki, waɗanda ko a rana mai haske ma da wuya a hango su daga sama. Haka kuma iskar da ta ratsa ta bayan gini ko jerin itatuwa takan rikice ta riƙa juyawa, don haka ba a tashi a bayan irin waɗannan abubuwa, kuma ba a tashi ana fuskantarsu sai da tazara mai yawa.

Fasa tashi ba abin kunya ba ne

Malaman wannan wasa sun yi ittifaƙi a kan cewa babban makamin matuƙi a ƙasa shi ne maɓallin kashe inji. Kafin a fara gudu ana zaɓar wata alama a fili, ko dutse ko kututture, a ƙudurta cewa in an kai nan ƙafa ba ta bar ƙasa ba, an fasa. Laima ta karkace, an fasa. An ji wani baƙon sauti a inji, an fasa. Asarar ita ce minti goma na sake shimfiɗa laima da ɗan gumi.

Abin da ke hana mutane fasawa sananne ne. Ga jama'a sun taru, ga waya ana ɗaukar bidiyo, ga abokai sun riga sun yi sama, ga rana tana shirin faɗuwa. Bayan yunƙuri biyu ko uku da suka ƙi, gajiya da haushi sukan sa mutum ya ce ko ta halin ƙaƙa sai ya tashi. A nan ne sauri ke haifar da nawa.

Ƙwarewa ma ba ta ba da kariya. Steinmetz, bayan shekaru yana shawagi a hamadun duniya, ya yi karo da itace wajen tashi a hamadar Taklamakan ta ƙasar Sin, ya ji rauni a fuska har aka yi masa ɗinki, kuma bai ɓoye labarin ba a hirarrakinsa. Sacha Dench, mai fafutukar kare tsuntsaye, ta yi tafiyar kusan kilomita 7,000 da laima mai inji a 2016, daga arewacin Rasha zuwa Ingila, tana bin hanyar ƙaurar wasu manyan fararen tsuntsayen ruwa. Tun suna cikin Rasha ta gurɗe a gwiwa. Ba ta nace sai ta yi gudu da ƙafa mai ciwo ba, sai aka ɗora injinta a kan ƴar kujera mai taya uku, ta ƙarasa tafiyar da ita.

Labarin da bai isa kunnen da ya dace ba

Dalilin da ya sa masu harkar sama suka ɗauki faɗin kuskure da muhimmanci yana da tarihi mai ɗaci. Ranar 1 ga Disamban 1974, jirgin fasinja na kamfanin TWA ya daki wani tsauni yana shirin sauka kusa da birnin Washinton, mutum 92 da ke ciki suka mutu, saboda matuƙan sun yi wa umarnin masu kula da sauka wata fahimta ta daban. Bincike ya gano cewa makonni shida kafin nan, wani jirgin kamfanin United ya yi irin wannan kuskure a wuri guda, ya tsallake rijiya da baya. Matuƙansa sun kai rahoto, kamfaninsu ya gargaɗi nasa ma'aikata, amma gargaɗin bai fita waje ba.

Bayan wannan ne, a 1976, Amurka ta kafa tsarin karɓar rahoton sirri, ta danƙa shi a hannun hukumar NASA, wadda ba ta da ikon hukunta matuƙi. Ana cire sunan mai rahoto, a yaɗa darasin ga kowa. Ma'ajiyar rahotannin USPPA da makamantanta na ƙungiyoyin Birtaniya da Faransa duk a kan wannan tunani aka gina su. Yana da muhimmanci musamman a Amurka, inda doka ba ta neman lasisi ga mai tashi shi kaɗai da irin wannan ƙaramar na'ura, saɓanin Faransa inda sai an ci jarrabawa an karɓi takardar shaida. Inda doka ta sassauta, abin da ya rage wa sabon matuƙi shi ne malami nagari da labarin waɗanda suka riga shi.

Rahoto mai amfani yana faɗin abin da ya faru bi da bi: ƙarfe nawa, yaya iska take, awa nawa mutum ya yi barci, me ya katse shi, me ya gani ya yi biris da shi. Ba a tsayawa a kan cewa tsautsayi ne, domin kusan kowane haɗari ƙananan abubuwa uku ko huɗu ne suka haɗu, kuma da an cire ɗaya da bai faru ba. Rahoton wanda ya tsira ba tare da ƙwarzane ba shi ya fi daraja, tunda darasi ne da ba a biya da jini ba.

Ga mai sha'awa a nan gida

Bidiyon masu laima mai inji ya cika Facebook da TikTok, kuma ana iya sayen kayan ta intanet. Wanda abin ya burge shi ya sani cewa ba a koyon wannan a waya. Ɗalibi yakan shafe kwanaki yana wasa da laima a ƙasa ba tare da inji ba, har sai hannunsa ya san ta, kafin malami ya bar shi ya tashi, yana yi masa magana ta rediyo. Tsohuwar laima da rana ta cinye yadinta tana iya yin kyau a ido alhali iska na ratsa ta. Sannan sararin samaniyar Nijar yana ƙarƙashin kulawar hukumar ANAC, kuma a halin tsaron da ake ciki, tashi da kowace irin na'ura ba tare da izinin hukuma ba jefa kai ne cikin hatsarin da ya wuce na farfela.

Ko ga wanda ba zai taɓa goya inji ba, akwai abin ɗauka. Direban da barci ya ɗauke shi daƙiƙa biyu a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya farka a bakin kwalta, da ɗan kabu-kabun da birkinsa ya ƙi a mararraba Allah Ya kiyaye, da ma'aikacin jinyar da ya kusa ba da maganin wani ga wani, kowannensu yana riƙe da labarin da zai iya ceton rai. Galibi ba sa faɗa, don gudun dariya ko kora daga aiki. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, amma sai an bar ka ka ga gemun. Tashar mota, ƙungiyar ƴan kabu-kabu ko asibitin da ya ware wurin da ma'aikaci zai faɗi irin wannan labari ba tare da an ci mutuncinsa ba, ya ɗauki matakin da masu harkar jiragen sama suka ɗauka bayan mutum 92 sun mutu a kan kuskuren da wasu suka riga suka sani.